Salsala da Tarihi: Sharhi a kan Littattafai Biyu Game da Gidan Abbot na Garin Andover

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban dattijo domin ya ɗauki tarihin wani gari ya san yadda zancen yake farawa. Za a ce wane ne ya taso daga wuri kaza, ya zo ya sari daji ya zauna, ya haifi wane, wane kuma ya haifi wane, har a gangaro kan mai ba da labarin. Wannan jeri shi ake kira salsala, kuma ba abin rainawa ba ne, domin ba don shi ba da mafi yawan abin da aka sani game da ƙananan garuruwa ya bi ruwa. Sai dai akwai tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, wato idan an gama jera sunayen nan daga kaka har jika, shin an rubuta tarihin garin ke nan, ko kuwa da sauran rina a kaba?

Domin neman amsa, na ga ya fi kyau in ɗauko misali daga nesa, inda babu ɗayanmu da yake da kaka a cikin labarin, balle a ce an yi son kai ko an ci zarafin wani gida. Misalin shi ne gidan Abbot na garin Andover da ke jihar Massachusetts ta ƙasar Amurka, ɗaya daga cikin gidajen Turawan Ingila 'yan kama-wuri-zauna da suka kafa garin a shekarun 1640. Na zaɓe shi ne saboda an bi diddigin zuriyarsa ta hanyoyi biyu mabambanta. Hanya ta farko littafin salsala ne wanda wasu limaman coci biyu daga cikin zuriyar, Abiel Abbot da Ephraim Abbot, suka wallafa a 1847. Ta biyu kuwa littafin wani masanin tarihi ne, Philip Greven, mai suna Four Generations, wanda ya fito a 1970, ya kuma bi gidajen da suka kafa garin har hawa huɗu, wato uba da ɗa da jika da tattaɓa-kunne.

Wannan maƙala za ta auna abin da kowane ɗayansu ya cim ma da abin da ya kuɓuce masa. Ra'ayina shi ne, salsala ba ta zama tarihi sai an haɗa ta da labarin ƙasa da gado da shari'a, sai kuma an waiwayi mutanen da jerin sunaye bai saba ɗauka ba.

2.0 Garin da Gidan

Andover tana arewacin birnin Boston, tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba, kusa da kogin Merrimack. Kafin zuwan Turawa ana kiran wurin Cochichawick. Turawan sun fara zama a farkon shekarun 1640, suka kafa cocinsu a 1645, sannan hukumar mulkin mallaka ta Massachusetts ta amince da wurin a matsayin gari ranar 6 ga Mayu 1646. Mutanen 'yan wata ɗariƙar Kiristanci ce mai tsanani da ake kira Furitan, waɗanda suka baro Ingila saboda saɓaninsu da cocin gwamnati.

A tsohon kundin garin akwai jerin magidanta 23 na farko, an rubuta su bi da bi gwargwadon yadda suka iso. Na farko shi ne Simon Bradstreet, wanda daga baya ya zama gwamna. George Abbot, kakan gidan da muke magana a kai, shi ne na 19. Abin lura ne tun daga nan cewa mutumin da zuriyarsa ta cika garin daga baya bai riga kowa zuwa ba, bai kuma fi kowa muƙami ba. Yawan zuriya ne ya ɗaga sunansa, domin ya auri Hannah Chandler a 1646, suka haifi 'ya'ya 13, ya rasu a watan Disamba na 1681. Bayan ƙarni ɗaya da rabi sunan Abbot ya hau kan manyan abubuwa na garin. Samuel Abbot yana cikin waɗanda suka ba da dukiyar kafa makarantar horar da limaman coci a 1808, sannan makarantar 'yan mata da aka buɗe a 1829 an sa mata sunan gidan saboda kyautar Sarah Abbot.

3.0 Littafin 'Yan Gida na 1847

Tsarin wannan littafi sananne ne ga duk wanda ya taɓa ganin takardar salsala. Ana kawo sunan mutum, da ranar haihuwarsa, da wadda ya aura, da 'ya'yansa, da ranar rasuwarsa, a wasu wurare kuma a ƙara 'yar gajeriyar shaida game da sana'arsa ko halinsa na gari. Daga nan sai a ɗauki 'ya'yansa maza ɗaya bayan ɗaya a yi musu haka.

Dole ne a yaba wa marubutan a kan abubuwa uku. Na farko, sun yi taka-tsantsan da takwarori. Sunan littafin kansa ya ambaci George Abbot har guda uku: na Andover, da na garin Rowley, da na Norwalk. Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne, ɗan George na Rowley, shi ma sunansa George, ya taso ya zauna a Andover bayan 'yan shekaru, sai ga George Abbot biyu a ƙaramin gari ɗaya, kowa da gidansa da 'ya'yansa masu sunaye iri ɗaya. Marubuci mai gaggawa da sai ya cuɗa su ya mai da su mutum ɗaya. Na taɓa duba wani ɗan littafin tarihin gari da aka kawo mini kafin a kai maɗaba'a, na tarar an haɗa kaka da jikansa mai sunansa, har aka ba mutum ɗaya sarautar da ta haura shekara ɗari. Irin wannan kuskure ne 'yan gidan Abbot suka guje wa, kuma ba ƙaramin aiki ba ne.

Na biyu, sun bi waɗanda suka bar gari. Abiel Abbot kansa ba a Andover aka haife shi ba. An haife shi ne a 1765 a garin Wilton na New Hampshire, inda mahaifinsa ya koma da zama. Saboda haka ya san cewa zuriya ba ta ƙarewa a bakin ganuwa, ya kuma bi reshen gidan duk inda ya miƙa.

Na uku, inda abu ya zo musu ta baka sun faɗi cewa ta baka ya zo. Game da asalin George Abbot sun rubuta cewa, bisa abin da aka gada daga manya, daga Yorkshire ta arewacin Ingila ya taso. Masu bincike na ƙarni na 20 da suka duba kundayen coci a Ingila sun gano cewa daga garin Bishop's Stortford yake, can kudu kusa da Landan, garin da su Chandler, dangin matarsa, suka fito. To, a duba wannan da kyau. Gida ne na masu karatu da rubutu, tazarar kuma wajen shekara 200 ce kawai, amma duk da haka sun mance garin kakansu, suka kai shi wata nahiya daban. Da marubutan sun kafe cewa tabbas ne, da kuskuren ya zama aibi a kansu. Da yake sun bayyana inda suka samo zancen, sai suka bar ƙofa a buɗe ga wanda zai zo ya gyara.

Raunin littafin yana cikin irin tambayar da ya yi. Tambayarsa ɗaya ce, wa ya haifi wa. Mai karatu zai ga ɗa ya yi aure yana da shekara kusan 30, wani kuma ya kwashe iyalinsa ya koma wani daji mai nisa, amma ba zai san dalili ba. Zai ga an ce wane mutumin kirki ne, amma ba zai ji daga bakin maƙwabcinsa ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, tunda jika ne yake rubuta labarin kakansa domin 'yan'uwansa su karanta, kuma kowa ya san ba a sayar da kaka a kasuwa da araha. Littafin ya cika aikinsa na adana sunaye, sai dai wanda ya ɗauke shi a matsayin tarihin Andover zai fita da hoton garin da babu rigima, babu talauci, babu baƙo.

4.0 Littafin Greven na 1970

Greven ya zo da wata tambaya daban. Ya ɗauki irin sunayen nan na salsala da rajistar haihuwa da aure da mutuwa, ya ajiye su kusa da takardun rabon filaye na garin, da takardun saye da kyauta, da wasiyyoyi da ƙididdigar dukiyar mamata da ke kotun gado ta gundumar Essex. Daga nan ya tambaya: yaushe ɗa yake mallakar gonar da yake nomawa, kuma me hakan ya haifar tsakaninsa da mahaifinsa?

Abin da ya gano a taƙaice shi ne kamar haka. Mutanen hawa na farko sun sami ƙasa mai yalwa. An fara ba kowa filin gida daga eka 4 zuwa eka 20 gwargwadon matsayinsa, sannan aka yi ta raba sauran dajin bisa girman filin gidan mutum, har zuwa babban rabo na 1662. Sun kuma yi tsawon rai, domin matsakaicin shekarun mazansu ya kai 70 da 'yan kai. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu ta ba uba ƙarfi ƙwarai a kan 'ya'yansa. Yakan bar ɗansa ya yi aure, ya gina gida a wani ɓangare na gonar, ya yi ta noma, amma takardar mallaka tana hannun tsoho har ya rasu a buɗe wasiyya. Saboda haka mazan hawa na biyu ba su cika yin aure da wuri ba, matsakaicinsu kusan shekara 27 ne, kuma mafi yawansu sun zauna a garin kusa da iyayensu.

Dattawanmu ba za su sha wahalar gane wannan ba, domin ya yi kama da gandu, inda magidanci da aurensa da 'ya'yansa yake ƙarƙashin mahaifinsa a sha'anin gona. Bambancin shi ne, a Andover kowane ɗa da gidansa da tukunyarsa daban, igiyar da ta ɗaure shi kuwa takarda ce.

Da aka zo hawa na uku da na huɗu sai al'amari ya sauya. Jama'a ta yi yawa, babu sauran dajin rabawa, gonar da ta ishi 'ya'ya biyar a da yanzu ba ta wuce ɗaya ko biyu. Iyaye suka fara miƙa gona tun suna raye, ko dai kyauta ko kuma ɗa ya saya daga hannun ubansa. Wasu aka sa su koyon sana'a, wasu aka ba su kuɗi suka tafi. Mutanen Andover suna cikin waɗanda suka kafa Concord a New Hampshire a shekarun 1720, kuma garin Fryeburg na Maine sunan Joseph Frye ne, ɗan wani gida daga cikin 23 ɗin nan. Shekarun aure suka ragu zuwa wajen 25. Mace-mace kuma suka ƙaru, musamman lokacin annobar mashaƙo da ta kashe yara a ƙarshen shekarun 1730.

A ganina babbar nasarar Greven ita ce ya sa busassun ranakun da ke cikin salsala sun yi magana. Ƙaurar mahaifin Abiel Abbot zuwa Wilton, wadda a littafin 1847 layi ɗaya ce kawai, a nan ta sami ma'ana, domin an ga ɗaya ce daga cikin ɗimbin ƙaurori da ƙarancin gona ya jawo. Wannan ya sa littafin, tare da na Kenneth Lockridge a kan garin Dedham da na John Demos a kan Plymouth, waɗanda duk suka fito a 1970, ya buɗe sabuwar hanya ta rubuta tarihin ƙaramin gari.

Duk da haka ina da ja a wurare uku. Na farko, alƙalumansa na hawa na farko sun dogara ne a kan mutane 'yan kaɗan, kuma mutane ne da suka riga suka tsallake ƙuruciya da tafiyar teku kafin su iso. Haka nan rajistar gari takan tsallake jaririn da ya rasu yana ɗan kwanaki, wanda hakan kan sa wuri ya yi kamar ya fi yadda yake lafiya. Na biyu, ya ƙidaya waɗanda suka fita, amma hankalinsa yana kan waɗanda suka zauna, ta nan kuma tsohon littafin 'yan gida ya fi shi dogon hannu. Na uku, a ƙarshen littafin ya nuna cewa 'yancin da 'ya'yan hawa na huɗu suka samu daga iyayensu yana iya zama cikin abin da ya shirya zukatansu ga neman 'yanci daga Sarkin Ingila a 1776. Zancen yana da daɗin ji, amma takardun gona ba su isa su ɗauki nauyinsa ba. Wasiyya tana gaya mana wanda ya gaji fili, ba ta gaya mana abin da ya sa mutum ya ɗauki bindiga.

5.0 Waɗanda Aka Bari a Waje

Akwai wani rauni da littattafan biyu suka yi tarayya a kansa, shi ne kuma ya fi damuna. Dukansu ɗa namiji suke bi, ɗaya yana bin sunansa, ɗaya yana bin gonarsa. Duk wanda ba ya ɗauke da sunan gidan zuwa gaba, kuma ba a rubuta masa fili ba, sai ya zama inuwa. Zan kawo iri uku.

5.1 Mata da Shari'ar Maita ta 1692

Hannah Chandler ta rayu shekara 30 bayan mijinta, ta rasu a 1711. A 1690 ta auri Francis Dane, tsohon limamin cocin garin. Ga mai bin salsalar maza wannan aure ba shi da wani amfani, tunda bai ƙara ko mutum ɗaya a zuriyar Abbot ba. Amma sai da shi ake gane abin da ya faru bayan shekara biyu.

A 1692 zargin maita da ya tashi a garin Salem ya bazu zuwa Andover, inda aka tuhumi mutum fiye da 40, adadin da ya zarce na kowane gari. Wadda aka fara kamawa ita ce Martha Carrier, 'yar Andrew Allen, na 21 a jerin magidantan farko. Dama mutanen gari suna jin haushinta tun 1690, saboda sun ɗora wa iyalinta laifin shigo da cutar agana. Cikin waɗanda suka ba da shaida a kanta akwai Benjamin Abbot, ɗan George da Hannah. Ya gaya wa kotu cewa gari ya yanka masa fili kusa da na mijinta, ta fusata ta yi masa baƙar magana, daga nan ƙafarsa ta kumbura, wani miki ya fito masa a kwiɓi har sai da likita ya tsaga, kuma bai sami sauƙi ba sai da aka kama ta. Matarsa Sarah ta ƙara da cewa shanunsu sun yi ta mutuwa ba dalili. An rataye Martha Carrier ranar 19 ga Agusta 1692, tana musun laifin har ƙarshe. An rataye wasu mutanen Andover biyu, Samuel Wardwell da Mary Parker, ranar 22 ga Satumba, wata tsohuwa kuma, Ann Foster, ta rasu a kurkuku.

Yanzu a bi ta wajen mata a ga yadda zaren ya ƙullu. Mahaifiyar Martha da matar Francis Dane ta farko 'yan'uwan juna ne, 'ya'yan gidan Ingalls. Shi Dane yana cikin 'yan ƙalilan da suka fito fili suka soki shari'ar, kuma an tuhumi 'ya'yansa mata biyu da jikokinsa da dama. Ke nan Hannah tana zaune a gidan mutumin da yake ƙoƙarin kashe wutar, alhali ɗan cikinta yana cikin masu zuba mata itace. Wannan shi ne abu mafi nauyi da ya sami gidan a hawa na biyu, kuma tushensa rigimar iyakar gona ce, wato ainihin abin da Greven ya ce shi ne ƙashin bayan zaman garin. Amma da yake idonsa yana kan ƙidayar jama'a da rabon ƙasa, bai tsaya a kan lamarin yadda ya kamata ba. Sai wanda ya buɗe kundin kotu zai ji muryar Benjamin, ya kuma ji ta maƙwabciyarsa.

Labarin bai ƙare nan ba. A 1711 hukuma ta soke hukuncin wasu daga cikin waɗanda aka yanke wa, har da Martha Carrier, ta biya iyalansu diyya, daga baya kuma aka wanke wasu a 1957 da 2001. Amma an bar mutum ɗaya, Elizabeth Johnson ƙarama, jikar Dane, wadda aka yanke wa hukuncin kisa a 1693 tana da shekara 22, gwamna ya dakatar da zartarwa. Ba ta yi aure ba, ba ta bar ɗa ba, ana kuma ganin rashin zuriyar da za ta tsaya mata yana cikin abin da ya sa aka mance da ita. Sai a 2022, bayan shekara 329, majalisar jihar ta wanke sunanta, kuma waɗanda suka tayar da maganar ɗaliban wata ƙaramar sakandare ne ta North Andover, 'yan shekara 13 zuwa 14, tare da malamarsu. Ina fata malaman makaranta za su riƙe wannan.

5.2 Masu Ƙasa na Farko

Kusan kowace salsala da sarar daji take farawa, kamar dai babu kowa a wurin. Kundin hukuma ya nuna cewa an karɓi ƙasar Andover daga hannun wani shugaban 'yan asalin ƙasar mai suna Cutshamache a kan fam 6 da kwat ɗaya, da sharaɗin cewa wani mutumin wurin da Turawa suke kira Roger zai ci gaba da kamun kifi a rafi tare da jama'arsa. Sharaɗin nan kaɗai ya isa shaida cewa akwai mazauna. Abin da ya rage yawansu shi ne annobar da ta zo da jiragen Turawa tsakanin 1616 da 1619, ta share garuruwa da yawa na bakin teku. Saboda haka yalwar ƙasar da Greven ya gina bayaninsa a kai tana da nata tarihin, asarar wasu ce ta zama yalwar wasu.

A tarihin gidan Abbot mutanen nan sukan fito ne a rana ɗaya. A watan Afrilu na 1676, lokacin yaƙin da 'yan ƙasar suka yi da Turawa ƙarƙashin Metacom, mahara suka kashe Joseph Abbot, suka tafi da ƙanensa Timothy. Bayan 'yan watanni wata mata daga cikinsu ta dawo da yaron gida. An adana sunan wanda aka kashe da na wanda aka kama da ranakun haihuwarsu, amma matar da ta yi wannan alheri babu wanda ya rubuta sunanta.

5.3 Bayi

Iri na uku su ne waɗanda suke ɗauke da sunan gida ba tare da suna cikin salsalarsa ba. Salem Poor bawa ne a gidan Poor, ɗaya daga cikin gidajen farko. Ya fanshi kansa a 1769 a kan fam 27, ya yi yaƙin Bunker Hill a 1775, har hafsoshi 14 suka sa hannu a takardar yabon jaruntakarsa, kuma a 1975 aka sa hotonsa a kan sarkin Amurka. Wani kuma, Pompey Lovejoy, har yau akwai tafki a Andover da ake kira da sunansa. Bauta ba ta ƙare a Massachusetts ba sai da hukuncin kotu na 1783, wato ta yi zamani da hawa huɗun nan duka. A ƙididdigar dukiyar mamaci bawa yakan fito ne a jerin kaya, tare da kimar kuɗinsa. Marubucin da ya karanta takardar domin ya san wanda ya gaji gona, ya tsallake wanda ya yi aiki a cikinta, ya karanta rabi ne.

6.0 Kammalawa

Idan aka tambaye ni wanne ya fi tsakanin littattafan biyu, sai in ce kowanne yana buƙatar ɗan'uwansa. Ba don irin haƙurin su Abiel Abbot na tattara sunaye da raba takwarori ba, da Greven bai sami abin da zai ƙidaya ba. Ba don tambayar Greven ba kuma, da sunayen sun ci gaba da zama jeri kawai. Inda suka gaza tare shi ne wurin ɗaukar cewa tarihin gari shi ne tarihin mazan da suka gaji suna da gona.

Daga abin da ya gabata, ina ba malamai da dattawan da suke da niyyar rubuta tarihin wani gida ko gari shawara su riƙe tambayoyi biyar. Idan an ce daga wuri kaza kaka ya taso, a tambaya daga bakin wa aka ji, a kuma rubuta cewa ji aka yi. Idan suna ya maimaitu, a tabbatar ba mutum biyu ba ne. Idan an ce ya sari daji, a tambaya wa ya tarar, kuma da wane sharaɗi ya zauna. Idan an jera 'ya'ya maza, a koma a tambayi gidajen da aka auro iyayensu mata da gidajen da aka kai 'yan'uwansu mata, domin ta nan ake ganin yadda gari ya ƙullu. Daga ƙarshe a tambayi su wa suka yi noma da ɗiban ruwa a gidan waɗanda ba a sa su a jeri ba, da su wa suka tashi suka bar garin, da abin da ya tashe su. Wanda yake shakkar abin da tsohuwa take riƙe da shi na irin waɗannan amsoshi, ya duba littafin Baba ta Karo wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, zai ga yawan abin da ake asara idan zaure kawai aka tsaya ba a shiga cikin gida ba.

Na san wasu daga cikin tambayoyin nan suna da nauyin yi, kuma ba kowace amsa ce za ta yi wa 'yan gida daɗi ba. Gidan da ake kira da sunan Benjamin Abbot yana nan tsaye a Andover har yau, shaidar da ya bayar a kan Martha Carrier ita ma tana nan a kundin kotu. Duk wanda zai rubuta tarihin gidan da gaskiya, dole ya sa su biyun a littafi ɗaya.